Hoton da Aka Kai Shan Iska

A gidansu kowa ya haƙura da yin musu da Auta a kan zafi. Tun da ya koma bakin teku da zama, ba a taɓa kiransa a waya an yi sallama bai ba da labarin iska ba. Yayarsa, wadda ke zaune da mahaifiyarsu can garin tudu inda aka haife su, sai ta ce masa, "Yau kam garin nan kamar an buɗe bakin tanda." Shi kuwa sai ya yi wata 'yar dariya ta tausayi ya ce, "Allah sarki, Yaya. Mu nan jiya sai da na ja bargo."

Ba shi da bargo. Wanda ya zo da shi daga gida tuni ya yi wari matarsa ta yar.

Teku dai yana nan, ba a ce babu ba, amma daga gidan Auta sai mutum ya hau mota biyu kafin ya gan shi. Ciki da falo yake haya a ƙasan wani bene, ta baya. Ɗakin kwanan taga ɗaya gare shi, ita ma in ka zura hannu sai ka taɓa katangar maƙwabta. Iskar da yake ba da labari can gaba take tsayawa, wajen masu dogayen gidaje, waɗanda yake zuwa gyara wa esi da firiji. Sana'arsa ke nan. Ya wuni yana sanyaya wa mutane ɗakuna, ya dawo nasa ya tuɓe riga ya matse.

Kuma ba wai bai san bambancin ba ne, ya sani sarai. Zafin garinsu abokin gaba ne mai gaskiya: da rana tsaka zai doke ka a ƙeya, amma in ka shiga inuwa ya ƙyale ka. Gumi na fita yana bushewa. Ka yi shanya, kafin ka gama ɗauraye bokiti ta bushe ƙayau. Da yamma a yayyafa wa tsakar gida ruwa a shimfiɗa tabarma, ruwan randa kuwa har haƙori yake kamawa. Na bakin teku munafuki ne. Rana ba ta da wani kaifi, sama ma yawanci a lulluɓe take, amma zafin zai bi ka inuwa, ya bi ka banɗaki, ka yi wanka ka fito ka rasa ruwa ne a jikinka ko gumi. Gishiri ya dunƙule a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, tawul ya kwana ya wuni bai bushe ba.

Duk Auta ya san wannan. To amma ranar da zai bar gida Yaya ta tambaye shi a gaban kowa, "Me za ka samo a can wanda babu a nan?" Shekaru suka tafi bai tara komai ba, bai gina gida ba, sai ya kama iska. Ita ce kaɗai dukiyar da mutum zai yi alfahari da ita ba a ce ya aiko da kaɗan ba.

Bakin nan nasa ne ya ɗauko hoton.

Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, direban babbar mota ne, kuma mutum ne da bai yarda da tsayawa gaban mai hoto ba. In ban da ɗan mitsitsi na lasisi, wanda ya ɓace tare da lasisin, hotonsa ɗaya ne tak a duniya, shi ma abokan aikinsa ne suka matsa masa ranar da ya ajiye tuƙi. Yana zaune a kujera, fuska a ɗaure, hula ta ɗan karkace, hannun dama bisa gwiwa, ƙaramin yatsansa a lanƙwashe tun ranar da ƙofar mota ta datse shi. Hoton na rataye a falon Inna cikin firam mai gilashi. Kullum da safe takan goge shi da gefen mayafinta, kuma da shi jikoki suka san kakansu.

Bazarar bara waccan Auta ya je gida. Ana zaune ana ta fifita, musun da aka saba ya tashi, Yaya na cewa ai zafi ko'ina zafi ne. Sai idonsa ya faɗa kan hoton. Gefensa ɗaya ya ɗan naɗe, launin rigar ya fara koɗewa. Ya miƙe zumbur kamar lauyan da ya samu shaida.

"Ga shi nan! Ko hoto bai tsira a garin nan ba. Nan gaba kaɗan sai dai ku riƙa goge farar takarda. Ku ba ni shi in kai inda abu ke daɗewa. Akwai masu hoto na gaske a can, zan sa a ƙara masa girma, a wanke wa kowa nasa."

Da gani Inna ba ta so ba. Yaya ta ɗauko wayarta ta ce bari dai ta ɗauka tukuna, ko da wani abu. Ya kare hoton da tafin hannu.

"Haba Yaya, hoton hoto? Da wannan wayar taki mai fasasshen gilashi? Ki bari a yi abu na mutunci."

Dokin mai baki ya fi gudu. Inna ta sauko da hoton da kanta, ta goge, ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Amana ce."

Ya kuwa riƙe amanar iya yadda ya iya riƙo, wato yadda ake yi a garinsu. A can rana da ƙura ke ɓata kaya, don haka duk abin da kake ji da shi sai ka naɗe shi, ka ɗaure, ka kai shi lungu mafi duhu da sanyi. Ya naɗe firam ɗin a tsohon zane, ya sa a leda ya ɗaure bakinta tamau, ya ajiye a ƙasan akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya tura akwatin ƙarƙashin gado har ya jingina da bango. Matarsa haifaffiyar bakin tekun ce. Duk ranar da rana ta leƙo sai ta fito da takalma da matasai ta baza a ƙofa, kuma ta sha cewa ya kawo akwatin nan ya sha iska. Shi kuwa yakan ce, "Ki bar akwatin nan, ba ki san abin da ke ciki ba." Ta bar shi. Zancen kai wa mai hoto kuwa ya zama gobe, jibi, in aiki ya lafa. In Yaya ta tambaya sai ya ce ana kan aiki, ƙwararru ba sa gaggawa.

Ran nan yana shago, tsugune gaban wani firiji da ya kwance wa baya. Shagon wani ɗan loko ne ƙarƙashin matakalar bene, cike da tulunan gas da matattun fankoki, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya yi gefe. Waya ta yi ƙara, ya goge hannu a wando ya ɗauka. Yaya ce.

"Auta, zafin bana ya kayar da Inna har sau biyu. Likita ya ce jininta ya hau, a nema mata wuri mai sanyi har ruwa ya sauka. Na ce ai kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, muna da mai bargo."

"Eh," in ji shi. "Ai... haka ne."

"Ranar Asabar za ta iso, na samu wadda za ta kula da ita a mota. Kuma ta ce ka tanadar mata hoton. Kwana biyun nan ba ta da magana sai ta mahaifinmu."

Ya ajiye wayar bisa firijin. Gumin da ya karyo masa a lokacin ba na gari ba ne. Ogansa, wanda ke cika wa wani kwamfiresa gas, ya ɗago ya ce lafiya? Ya ce lafiya lau, mahaifiyarsa ce za ta zo shan iska. Ogan ya san ɗakin, ya taɓa raka shi gida, saboda haka sai ya dube shi kawai ya ce, "Wace iskar?"

Da ɗakin ya fara, don shi ne kunyar da ake gani da ido. Akwai wani tsohon esi a shagon da mai shi ya kawo gyara bai sake waiwayarsa ba. Auta ya roƙi Oga, ya kwance shi, ya kankare tsatsa, ya yi masa dashen kayan wasu matattun, ya ɗauko shi a ka har gida. Wurin da zai shiga ɗaya ne, tagar nan tilo. Ya cire ta, ya cusa esin, ya toshe gefe da gefe da katako. Matarsa na tsaye a ƙofa hannu a ƙugu. Injiniya take kiransa in tana son tsokana.

"Injiniya, in aka ɗauke wuta fa?"

"Ba za a ɗauke ba."

"Au, sun yi maka alkawari?"

Ya kunna, esin ya yi tari, ya yi gurnani, can sai ga sanyi na fita a hankali. Auta ya tsaya gabansa ya ware hannuwa, har ya ji ashe ƙaryar tasa ma tana iya zama gaskiya in an sa mata wuta. Cikin wannan farin cikin ne ya durƙusa ya jawo akwatin.

Makulli ya ƙi juyawa, kwaɗon ya ci tsatsa har ya zama ja. Sai da ya sa guduma. Da murfin ya ɗaga, wani wari ya bugo shi, irin na ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙen wanki. Bayan akwatin, inda ya jingina da bango, ya ruɓe. Ledar da ya ɗaure tamau ta yi raɓa daga ciki, zanen ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da kore. Ya warware shi yana bismilla.

Fumfuna ta shiga ƙarƙashin gilashin ta yi gida, kamar a burodin da aka manta. Daga tsakiya ta fara. Amma a lokacin da sauran abu, in ka ƙura ido za ka ga inuwar ido ɗaya da gefen baki. Da ya tsaya nan ya kai wa wanda ya iya, wataƙila da an ceci wani abu. Ina, sai halinsa na gyare-gyare ya motsa. Ya ɗauko sukudireba ya kwance bayan firam ɗin, ya ce bari ya goge. Takardar ta manne da gilashin. Ya ja a hankali, ta taho, fuskar ta zauna a gilashin, wani abu mai danƙo launin toka, ya kai yatsa ya taɓa ya shafe.

Abin da ya rage a takardar shi ne saman hula, kafaɗa ɗaya, ƙafar kujera, sai hannun nan bisa gwiwa.

Matarsa ta leƙo ta bayansa. Ta ce a hankali, "Innalillahi. Wannan ne abin da ban sani ba?"

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna daɓas a ƙasa, sanyin esi na busa masa ƙeya. Ya raba hoto da garin da zai koɗe a hankali, ya kawo shi inda ya ruɓe gaba ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma shi ya ja gaba.

Washegari ya naɗe abin da ya saura ya nufi shagon wani mai hoto a bakin titi, wanda ya cika bangonsa da amare da 'yan makaranta. Mutumin ya buɗe, ya duba, ya ɗaga gira.

"Oga, wannan ai sai dai addu'a. A leda ka sa? A garin nan? Kai baƙo ne?"

"Na daɗe," in ji Auta, idonsa a ƙasa.

"Ai ko a bango ka rataye shi da ya fi haka. Babu wani kwafi? Ko a waya?"

Auta ya tuna tafin hannunsa a kan gilashi, da Yaya riƙe da waya. Ya girgiza kai.

Mai hoton ya dubi hular da kafaɗar, ya dubi Auta, ya sake duban hular. "Wa ya fi kama da shi a cikinku?"

Kowa ya san amsar. Tun yana yaro ake cewa shi da mahaifinsa kamar an tsaga kara. Mai hoton ya ce to ai shi ke nan, kwamfuta ba abin da ba ta yi. Zai ɗauki fuskar Auta, ya yi mata furfura, ya ja mata layukan tsufa, ya dasa ta ƙarƙashin hular. Ya ce ya sha yi wa mutane, tsofaffi ba sa ganewa.

Auta ya san ba daidai ba ne. Ya sani tun kafin mutumin ya rufe baki. Amma ya hango Inna na miƙo hannu, ya hango muryar Yaya a waya, sai ya ji kansa yana zama a kujerar. Ya ɗora hannu bisa gwiwa, ya ɗan karkatar da kai.

"Ɗan saki fuska, Oga."

"Ba ya dariya a hoton."

"To ɗaure."

Bai sha wahalar ɗaurewa ba. Fitila ta haska, ya ji kamar an kama shi yana sata.

Matarsa ta ce ya faɗa wa tsohuwar gaskiya kawai, uwa ce, ba za ta cinye shi ba. Ya ce idonta ya yi rauni, kuma ga jininta a sama, so take ya kashe ta? Haka ya mai da tsoronsa tausayi, ya ji ɗan dama-dama.

Sai ranar Asabar ɗin aikin ya fito, motar su Inna ta kusa shigowa tasha. Hoton ya yi girma, firam ruwan gwal, launi ras kamar jiya aka ɗauka. Wani dattijo ne a zaune mai furfura, wanda in ka kalle shi daga nesa za ka iya cewa shi ne. Mai hoton na ta yabon kansa.

"Har yatsan nan da danshi ya lanƙwasa na miƙar maka. Kyauta."

Auta ya duba. Yatsu biyar a miƙe sar. Ya buɗe baki, sai ga waya, matar da ke kula da Inna ce tana cewa sun iso. Ya rungumi hoton ya fita, ya ajiye shi a gida a gurguje ya wuce tasha.

Inna ta sauko daga mota a hankali, ta rame fiye da yadda ya bar ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta dafa kansa. Aka sauko da kayanta: jaka ɗaya, sai wani ƙaton ƙunshi ɗaure da igiya. Ya tambaya ko mene ne.

"Bargo ne da rigar sanyi. Yayarka ta ce kada in zo in ƙwace maka naka."

Ya ɗora ƙunshin a ka, ya ji kamar duk tashar shi take kallo. Kafin su kai bakin titi mayafin Inna ya manne da wuyanta. Ta share fuska, ta dubi sama, ba rana, ta sake sharewa.

"Auta, kullum haka ne?"

"Yau ne kawai, Inna. Hadari ne ke haɗuwa."

A gida esin ya fitar da shi kunya na ɗan lokaci. Inna ta zauna bakin gado, ta lumshe ido, ta sa masa albarka, ta sa wa surukarta. Ta ci abinci kaɗan, ta yi la'asar. Tana shafa addu'a ke nan esin ya yi wani dogon nishi ya yi shiru. Wani yaro a saman bene ya yi ihun an ɗauke wuta, maƙwabta suka fara jan janareta.

Ɗakin da ba taga ba ya ɓoye sirri. Sanyin ya gudu kamar an kore shi, bango ya fara gumi, warin akwatin nan da aka share aka goge ya dawo ya gaishe su. Ba shiri suka fito da Inna bakin ƙofar falo, suka sa mata kujera a ɗan lungun da ke tsakaninsu da katangar maƙwabta. Matarsa ta yago kwali tana yi mata fifita. Iskar da kwalin ke kawowa ma ɗumi gare ta. Ƙunshin bargon na gefe ba wanda ya kwance shi.

Inna ba ta ce komai a kan zafin ba. Ta numfasa ta ce, "Kawo min shi."

Ya shiga ya ɗauko. Ya durƙusa ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta kamo gefen mayafinta za ta goge kamar yadda ta saba. Hannun ya tsaya a sama.

Ta daɗe tana kallo. Ta matso da shi kusa da ido, ta mayar nesa. Kwalin ma ya daina motsi. Auta ya ƙura wa siminti ido yana jin gumi na bin bayansa, yana fata ƙasa ta tsage.

"Ya yi kyau," in ji Inna. Ta ɗago ta dube shi, ta mai da ido kan hoton. "Na gode wa Allah da ya nuna min tsufanka. Ban yi zaton zan gani ba."

Ta miƙo masa firam ɗin.

"Ajiye abinka, in ka tsufa ba sai ka ɗauki wani ba. Ina mahaifinka?"

Matarsa ce ta ajiye kwalin ta shiga, ta fito da takardar, ta shimfiɗa wa Inna a cinya. Inna ta dubi inda fuska take a da. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta bi hular da yatsa, ta gangaro kafaɗa, ta tsaya a kan hannun.

"Ga shi nan," ta ce. "Ni na ɗaure masa yatsan nan. Ya ƙi zuwa asibiti, ni kuwa ban iya ba, shi ya sa ya karkace. Har ya rasu yana yi min gori."

Ta yi 'yar dariya, hawaye suka biyo ta. Ta share da mayafin da ta so goge gilashi da shi.

"Inna, ki yafe min. Wallahi adana shi na yi, na sa a..."

"Na san adanawa ka yi." Ba faɗa a muryarta, kuma rashin faɗan ya fi yi masa ciwo. "Ka san abin da ya kawo ni? Yayarka ta ɗauka sanyi ne. Zafi ai tare muka tsufa da shi, na san halinsa. Tun da ka tafi da hoton nan, in na rufe ido nakan kira fuskarsa ta zo. Bara tana zuwa. Bana in na kira, taka ke zuwa. Shi ne na ce bari in je in gan shi, in gyara."

Auta ya kifa goshinsa a gwiwarta. Kunya ce irin wadda ba ta da wurin ɓuya, ga ta a gaban uwa, ga ta a gaban mata. Ya tuna dariyar tausayin da yake yi wa Yaya, ya tuna "ƙwararru ba sa gaggawa", ya ji kowace kalma na dawo masa. Inna ba ta ture shi ba, ba ta kuma shafa kansa ba. Hannunta na kan wancan hannun.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Matar Auta ta ciro ta danna mata, muryar Yaya ta cika lungun, cike da zumuɗi.

"Inna! Kun sauka lafiya? Ya sanyin? Kin ja bargon? Hoton fa, an gama? Ki ce ya ɗauka ya turo min yanzu-yanzu, yara na nan sun kewaye ni suna son ganin kakansu."

Inna ta dubi wayar, ta dubi ɗanta. Gumi na ɗiga daga haɓarta, ta ja takardar gefe kada ya ɗiga a kai. Sannan ta miƙa masa wayar.

"Ungo. Kai ka saba ba ta labarin garin nan."

Ya karɓa. Wayar na neman sulluɓe masa don jiƙewar hannu. Yana jin hayaniyar yaran a can, da ƙarar wani yana yayyafa ruwa a tsakar gida.

"Auta? Kana ji na? Ka yi shiru."

"Ina ji, Yaya," in ji shi. "Yaya, ana zafi a nan."